Me Bature ke nufi da "pull the strings"?

Na ji an ce wani ne ke "pull the strings" a gwamnati. Me ake nufi?

Ana nufin shi ke juya al'amura daga bayan fage. Wani ne a kan kujera, shi ke sa hannu a takardu, shi ake gani a talabijin, amma umarni daga wani wuri yake fitowa. Daga 2008 zuwa 2012, lokacin da Dmitry Medvedev ke shugabancin Rasha, Vladimir Putin kuma yana firaminista, jaridun Turai da Amurka sun sha faɗin haka a kan Putin.

To, ina ruwan mulki da jan zare?

Fassarar maganar kai tsaye ita ce "jan zaruruwa", kuma daga wasan 'yar tsana ta samo asali. A Turai akwai 'yar tsanar katako da ake ɗaure wa zaruruwa a kai da hannuwa da gwiwoyi, a haɗa su da wani ɗan itace. Mai wasan yana sama, labule ya rufe shi. Ya karkata itacen, 'yar tsana ta rusuna; ya ja zare ɗaya, ta ɗaga hannu. 'Yan kallo kuwa ita kaɗai suke gani.

Ashe dai raƙumi da akala ne?

Sun yi kusa, amma da sauran magana. Mai jan raƙumi a gaba yake tafe, kowa na ganinsa. Mai zare kuwa ƙarfinsa duk a ɓuya yake. In juyawar a fili ake yinta, "lead by the nose" (wato jan mutum ta hanci) ya fi dacewa. A siyasarmu, ubangidan da ya ɗora yaronsa a kujerar gwamna, ya koma gida yana zaɓa masa kwamishinoni ta waya, shi ne ainihin mai zaren.

Na kuma ga "pull strings" ba tare da "the" ba. Ɗaya ne?

A'a, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wannan bin hanya ne, wato a yi amfani da sanayya a samo wa ɗa aiki ko gurbin jami'a. Mai yin haka bai mallaki kowa ba, alfarma kawai ya nema.

Zan iya faɗa wa mutum "pull the strings" a gabansa?

Gara ka kiyaye. Mai zaren ka zarge shi da munaƙisa, wanda ake ja kuma ka ce da shi ɗan amshin Shata. A wurin aiki, maganar na iya jawo maka takardar tuhuma.