Radon da ciwon huhu: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai mene ne radon ɗin nan?

Gas ce da ke tasowa daga ƙasa da duwatsu masu yuraniyom. Ba launi, ba wari. Shi ke nan.

Ina shan sigari, amma ai ba da yawa ba...

Babu wani amma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin kansar huhu daga radon ya ninka kusan sau 25 ga mai shan sigari idan aka kwatanta da wanda ba ya sha. Ka jefar da karan tukuna sai mu yi magana.

Kaina na ciwo in na shiga ɗakina, ita ce?

A'a. Radon ba ta sa ciwon kai ko tari nan take, ɓarnarta a hankali take yi, shekara da shekaru. In kana son sani ka aje na'urar awo a ɗakin na aƙalla wata 3. Ma'aunin da hukumar ta ba da shawara shi ne bekerel 100 (awon yawan radon ke nan) a kowace kubik mita ta iska, kada dai ya wuce 300.

Na yi shekaru ina aiki a ramin ma'adinai, yanzu ko matakala na hau sai haki. Radon ce ta ci min huhu?

To nan ne nake jan birki. Zai iya yiwuwa, don in radon ta rushe tana barin 'yan ƙwayoyi irin su foloniyom da ke manne wa ƙura, ka shaƙa su zauna a hanyar numfashi suna ta harbin naman da ke kusa da su da radiyeshin, wato haske mai cutarwa da ba a gani, kuma an ga masu haƙar yuraniyom da huhunsu ya yi tabo ya ƙandare har ba ya buɗewa yadda ya kamata. Abin ba sabo ba ne, mahaƙan Schneeberg a Jamus sun daɗe suna mutuwa da abin da suke kira ciwon dutse, sai a 1879 likitoci suka gano kansa ce. Amma fa a rami ba radon kaɗai ka shaƙa ba, ƙurar dutse ita ma tana yin tabo, ga tarin fuka, ga sigari, wani lokacin ma zuciya ce ke kawo hakin. Babu gwajin jinin da zai nuna "radon ce". Ka je a yi hoton ƙirji, wataƙila har da CT (hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla) da gwajin nan na hura iska a bututu, kuma ka faɗa wa likita wane rami, shekara nawa, akwai fankar fitar da iska ko babu. Yawancinku wannan kuke ɓoyewa, ban san dalili ba. In tabo ne ba ya gogewa, gaskiya kenan, amma ana iya rage masa gudu a sauƙaƙa numfashi.

Takunkumi na karewa?

Na yadi? Haba. Mai kyau yana tare ƙura, gas kuwa wucewa take. A fitar da iskar.

Gidana ya nuna sama da 100, in tashi?

Kwantar da hankalinka. A toshe tsagewar daɓe, a ƙara hanyar iska, in ta kama a sa bututu da fanka su zuƙe ta daga ƙarƙashin gini. Sai a sake awo.