Ƙarfin ɗaure bolti a mahaɗin filanji

Filanji shi ne faifan ƙarfe mai huji kewaye da ake haɗa bakin bututu biyu da shi, a sa gaskit (zoben da ke toshe yoyo) a tsakani, sannan a ɗaure da bolti da noti. Abin da ke hana mahaɗin yoyo shi ne miƙewar da boltin ke yi idan an ɗaure shi, domin ita ce ke matse gaskit ɗin. Ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da nutan-mita, hanya ce ta kimanta wannan miƙewa, kuma kimantawar ba ta cika daidai ba.

Tarihi

Ana danganta ƙirƙiro sifana mai awo da Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York a Amurka, wajen shekarar 1918, bisa riwayar cewa ya yi ta ne don a daina ɗaure boltin bututun ruwa fiye da kima. A 1937 injiniya Waters da abokan aikinsa suka wallafa tsarin lissafin filanji da aka fi sani da na Taylor Forge, sannan a 1943 injiniyoyi Rossheim da Markl suka fitar da alkaluman gaskit guda biyu, m da y (y matsin da ke zaunar da gaskit, m kuwa na lissafin matsin da zai riƙe shi lokacin aiki), waɗanda suka shiga ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyi ta ASME. An daɗe ana kukan cewa alkaluman ba su faɗin yawan yoyon da za a samu, amma har yanzu ana aiki da su. Jagoran ɗaure filanji na ASME PCC-1 ya fito a 2000, Turai kuwa tana da nata tsarin lissafin filanji, EN 1591-1.

Lissafi

Da farko ana tsayar da nauyin da ake so kowane bolti ya ɗauka. Dole ya isa ya zaunar da gaskit ya kuma jure matsin abin da ke cikin bututun, ba tare da ya murƙushe gaskit ko ya tanƙwara filanji ba. Yawanci ana neman kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na iyakar da ƙarfen boltin ke jurewa kafin ya miƙe dindindin.

Daga nan sai a yi amfani da T = K × D × F, inda T ƙarfin murɗawa ne, D kaurin bolti, F nauyin da ake nema, K kuwa alkalamin gogayya. Boltin milimita 20 da ake son ya ɗauki kilonutan 100, idan busasshe ne kuma K ta kai 0.2, yana bukatar nutan-mita 400. Idan an shafa masa man da ya saukar da K zuwa 0.13, 260 sun wadatar, kuma wanda ya ɗaure shi da 400 ya ɗora masa fiye da kilonutan 150. Dalili shi ne kusan kashi 90 na ƙarfin murɗawa yana ƙarewa a gogayyar tiredi da ta ƙarƙashin noti. Saboda haka tsatsa, ko tsohon noti da ya ci tiredi, na iya rusa lissafin gaba ɗaya.

Tsarin ɗaurewa

Ana ɗaure boltin da ke fuskantar juna bi da bi, a zagaye uku: kashi 20 zuwa 30, sai 50 zuwa 70, sannan cikakken ƙarfi. Bayan haka a bi su a jere har noti ya daina motsi. Gaskit mai laushi kan saki bayan wasu sa'o'i, don haka ake sake bi. A manyan bolti akan yi amfani da injin da ke jan boltin kai tsaye da matsin mai.