Sarƙar babur ta tsinke: wa doka ta ɗora wa gyara?

A Damagaram, in sarƙar babur ta tsinke ba a doguwar magana. A gangara da shi wurin makaniki, a sayi sabuwa, a biya kuɗin aiki, a ce Allah ya tsare gaba. Galibi ma haka ya dace, don sarƙa abu ce mai cinyewa, kuma rairayin garin nan ba ya raga mata. Sai dai akwai sarƙar da tun daga masana'anta ta fito da aibinta: ƙarfen bai gasu yadda ya kamata ba, ko ba a danne mahaɗinta da kyau ba, ko notunan da ke riƙe da faranti mai haƙora na baya suna kwancewa da kansu. Irin wannan, a doka, ba aljihun mai babur ya kamata ya ji a jikinsa ba.

Abin da ya sa hukumomi ba sa wasa da ita shi ne yadda take kayar da mutum. Idan ta zame ko ta tsinke ana cikin gudu, tana iya naɗewa ta maƙale a gindin taya, tayar baya ta ƙage nan take. Ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mai goyo a kan hanyar Mirya ba shi da ko daƙiƙa biyu na yin dabara.

A ƙasashen da ake ƙera babura, ko ake sayar da su da yawa, akwai tsarin da ake ce wa kiran gyara; a takardun Faransanci za ka gan shi da sunan rappel. Idan kamfani ya gano cewa wani rukuni na kayan da ya fitar yana da lahanin da ke iya jawo haɗari, dole ne ya shaida wa hukuma, ya nemi masu kayan, ya gyara kyauta. Amurka ta kafa dokarta a 1966, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, ce ke sa ido. A can, daga ranar da kamfani ya tabbatar da lahanin, kwana 5 na aiki gare shi ya sanar da hukuma, sannan cikin kwana 60 ya aika wa masu abin hawan wasiƙa. Ko dai ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi, kuma kyautar tana kan duk abin hawan da bai wuce shekara 15 da sayarwar farko ba. Japan na da nata tsarin ƙarƙashin ma'aikatar sufuri. Indiya, inda Bajaj da TVS suke fitowa, ta daɗe tana barin kamfanoni su yi kiran bisa raɗin kansu, har zuwa 2019 da aka gyara dokar ababen hawa aka ba gwamnati ikon tilasta su.

Kada a haɗa wannan da garanti. Garanti alkawari ne tsakaninka da mai sayarwa, yana da wa'adi na watanni ko na kilomita, kuma akasari takardarsa kan cire kayan da ke cinyewa, irin su taya da birki da ita kanta sarƙar. Shi kuwa kiran gyara babur yake bi, ba mutum ba. Ko kai ne hannu na uku da ya saye shi, ko garanti ya ƙare tuntuni, muddin lambar shasinsa na cikin jerin da kamfani ya fitar, gyaran na kan kamfanin. Lambar nan tana buge a wuyan babur, ƙarƙashin kan tuƙi, baƙaƙe da alƙaluma 17. Farkonta ma yana faɗa maka asali: J na Japan, L na Sin, MD na Indiya. Manyan kamfanoni irin su Honda da Yamaha suna da shafi a intanet inda ake shigar da ita a ga ko akwai kira a kanta.

To, a nan gizo ke saƙar. Dokar Amurka ba ta hukunci a kasuwar Dole, ta Indiya ma haka. Kowace tana kare kayan da aka sayar a cikin ƙasarta ne. Baburan da ke yawo a Birni da Zango da Sabon Gari kuwa, da yawansu sun biyo ta hannun ƴan kasuwa ne, wasu ta Kano su shigo ta Matamaye ko Magariya, wasu a kwali aka kawo su aka harhaɗa a nan. Kamfanin da ya ƙera bai san sunanka ba, bai san unguwarku ba, don haka kada ka zauna jiran wasiƙa. In babur ɗinka ya fito ta hannun wakilin kamfani na ainihi, kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, don kamfani kan aika wa wakilansa sanarwa da kayan canji. In ba ta nan ya biyo ba, madogararka ita ce dokar cikin gida, kuma ta fi yadda mutane ke zato ƙarfi.

Kundin dokar farar hula da Nijar ke aiki da shi, wanda ya samo asali daga na Faransa, ya yi maganar ɓoyayyen aibi daga aya ta 1641. Mai sayarwa yana da alhakin duk aibin da ke ɓoye a jikin kaya lokacin ciniki, idan aibin ya hana kayan yin aikin da aka saye shi dominsa, ko ya rage amfaninsa har da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗin ba. Aya ta 1643 ta ce alhakin na nan ko da shi mai sayarwar bai san da aibin ba, sai fa in an yi sharaɗi tun farko cewa babu lamuni. Saboda haka «wallahi ni ma haka aka kawo mini» ba ta wanke kowa. Aya ta 1644 ta bar zaɓi a hannun mai saye: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. In kuwa an tabbatar mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, har diyyar ɓarnar da ta biyo baya sai ya biya. Wanda ya zauna gaban malami ya ji babin ciniki ba zai ga baƙon abu a nan ba, don fiƙihun Malikiyya ma ya ba mai saye zaɓi idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. A kan wannan kuma akwai dokar 2015 da ta shimfiɗa ginshiƙan kare haƙƙin mai saye a ƙasar.

Iyaka biyu ne ke kayar da mutane. Aibin da ke fili, wanda ido zai gani ranar ciniki, doka ba ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa ba. In ka ga tsatsa a sarƙa ka ce ba komai, ka yafe ke nan. Sannan ana son a taso da magana da wuri. Wanda ya yi shekara yana hawa kafin ya buɗe baki, shi ya raunana hujjarsa.

Shi ma ƙaramin dila ba a bar shi a rana ba. Tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa dokar kasuwanci ta OHADA ce ke aiki, wato dokar bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, wadda aka sabunta a 2010: aibin fili a faɗe shi cikin wata 1 da karɓar kaya, na ɓoye kuma a kai ƙara cikin shekara 1 daga ranar da aka gano shi. Ke nan in ya biya ka, yana da hanyar komawa kan babban dilan da ya ba shi kaya.

Wurin da aka fi kai ruwa rana shi ne tabbatar da cewa aibi ne, ba sakaci ba. Dila zai ce, «Malam, ba ka sa mata mai», kuma sau da yawa gaskiyarsa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin man da ake juyewa daga inji sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙoran faranti tare. Wasu kuma suna ɗaure ta tamau, alhali ƙananan babura na son a bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3. Akwai masu sa sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti don tsimi, ita ma ta lalace da wuri. Akwai makanikin da ke juya maƙallin mahaɗi baibai, alhali rufaffen kansa ne ya kamata ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Duk waɗannan ba laifin masana'anta ba ne, kuma a ganina wanda ya ɗora buhu huɗu na gero a babur mai lamba 100 bai kamata ya ɓata wa alƙali lokaci ba. Sarƙar da ta cinye tana da alama: ta miƙe, haƙoran faranti sun yi tsini sun karkace. Wadda ta tsinke tana sabuwa, haƙora lafiya lau, ƙarfen ya ɓalle fal a wuri ɗaya, ita ce abin tuhuma.

Don haka in ta faru, tsinkakkiyar sarƙar nan ita ce shaidarka. Kada ka bar ta a gareji yara su kai wa masu sayen ƙarfe. Ɗauki hotonta tana jikin babur, ka ɗauki hoton agogon kilomita, ka haɗa da takardar saye mai ɗauke da lambar shasi da kwanan wata da hatimin shago. Takardun duwan da kart giriz su ma lambar ɗaya ya kamata su nuna. Ka je wa dila da ladabi, amma da takarda a hannu: «Alhaji, ga kayan da na saya wurinka, ga abin da ya faru, a duba mini ko lambar nan na cikin waɗanda kamfani ya kira.» In an yarda an canza, ka nemi a rubuta abin da aka canza da ranar, ka kuma duba ko an sa maka girman da ya dace, don 420 da 428 ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama a ido. In kiran kamfani ne, ba a karɓar kuɗin kaya, ba a karɓar na aiki.

In magana ta ƙi, yawancin irin wannan rigima a gaban shugabannin ƴan kasuwa ko mai unguwa take mutuwa, kuma ya fi sauƙi da araha. Abin da aka sasanta a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu. In sulhu ya gagara, ko an ji rauni a haɗarin, sai kotu, kuma a nan takardar likita da rahoton ƴan sanda ko jandarma su ma suna shiga cikin hujja.