Taurari biyu a gida ɗaya a kundali: na amsa muku a dunƙule, kowa ya huta

Mene ne yuti?

A ilimin duban taurari na Indiya, wato Jiyotish, yuti shi ne taurari biyu ko fiye su sauka a buruji ɗaya a taswirar haihuwa, wadda mutanen Indiya ke kira kundali. Buruji 12 ne, kowane digiri 30. Shi ke nan.

Taurari nawa ake lissafawa?

Tara. Rana, Wata, Mirriku (Mars), Uɗaridu (Mercury), Mushtari (Jupiter), Zuhura (Venus) da Zuhalu (Saturn), sai Rahu da Ketu. Biyun ƙarshen ba su da jiki, wurare ne guda biyu inda hanyar Wata ke ƙetare ta Rana. Don Allah a daina ce mini Rana ba duniya ba ce, na sani. Kalmarsu graha tana nufin abin da ke kamawa, ba darasin firamare suke koyarwa ba.

An ce ina da Budhaditya yoga, wai alamar kaifin basira ce.

Barka, amma kada ka yanka rago. Rana ce da Uɗaridu a buruji ɗaya, shi kuwa Uɗaridu ba ya nisa da Rana fiye da digiri 28, kamar jela yake bin ta. Saboda haka jama'a tuli suna da wannan haɗuwa, har da waɗanda ba sa iya lissafin canjinsu a kasuwa. Ga kuma abin da ba a faɗa maka ba: tauraron da ya matso kusa da Rana, a wajensu ya ƙone, ƙarfinsa ya ragu. Uɗaridu na ƙonewa a cikin digiri 14, Mushtari 11, Zuhura 10, Zuhalu 15, Mirriku 17. Je ka duba naka tukuna.

Me ya sa manhajar Turawa ta ba ni buruji daban?

Ma'auni ne ya bambanta. Turawa na ɗaure burujinsu da yanayin shekara, Indiyawa na ɗaure nasu da taurarin da ke kafe a sama, tazarar yanzu ta kai kusan digiri 24. Mafi yawan masu Jiyotish suna bin lissafin Lahiri, wanda gwamnatin Indiya ta karɓa lokacin gyaran kalandarta a shekarun 1950. Ka tsaya a kan ɗaya. Mai hawa doki biyu tsagewa yake.

An haifi ɗana a Disamban 2020, Mushtari da Zuhalu suna haɗe. Alheri ne ko sharri?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. A gyara zama.

Su biyun suna gamuwa kusan duk shekara 20. Ranar 21 ga Disamba 2020 tazararsu kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri ce kawai. A lissafin Turawa farkon burujin Dalwu ne, a na Indiya kuwa wajen digiri 6 na Jadyu, wanda suke kira Makara. Jadyu gidan Zuhalu ne, yana zaune a ɗakinsa. Mushtari kuma a nan ne yake faɗuwa, wato ƙarfinsa ya yi ƙasa, faɗuwar ta fi tsanani a digiri 5. Mai karatun sama-sama zai ce tauraron ilimi da 'ya'ya ya shiga hannun tauraron jinkiri da wahala, an gama.

Ba a gama ba. Akwai ƙa'idar da suke kira nica bhanga: baƙon da ya faɗi, idan mai gidan na nan da ƙarfinsa, yana iya ɗaga shi. Wasu na cewa faɗuwar ta warware gaba ɗaya, wasu na cewa sauƙi kawai aka samu. Sannan su biyun ba abokai ba ne, ba kuma abokan gaba ba, ba kamar Zuhalu da Rana ba, ɗa da uban da ba sa ga maciji a tatsuniyarsu.

Sai maganar tazara. In ba su kai digiri ɗaya tsakani ba, sunan abin ya koma graha yuddha, wato yaƙin taurari. Wane ne ya ci? Littattafan sun saɓa: wani ya ba wanda ya fi arewa, wani ya ba wanda ya fi haske, wani ya ba mai ƙaramin digiri. Yaron farkon wata da na ranar 21 ba hukunci ɗaya gare su ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne lagna, burujin da ke ɓullowa a gabas lokacin haihuwa, mai canzawa kusan duk awa biyu, kuma daga shi ake fara ƙirga gidajen kundali. In lagnarsa Hamal ce, haɗuwar ta faɗa gida na goma, na aiki da muƙami, kuma ubangidan gida na tara, Mushtari, ne ya gamu da na goma, Zuhalu, abin da suke yi wa kirari da raja yoga, wato haɗuwar sarauta. In Asad ce, ta faɗa gida na shida, na ciwo da bashi da magabta. Sama ɗaya, yini ɗaya, fassara biyu masu hannun riga. Ko an gano wannan ma, a tsarinsu haɗuwa ba ta aiki sai lokacin mulkin tauraron ya zo, wato dasha. Zagayen shekara 120 ne, Mushtari na da 16, Zuhalu 19. Wani sai ya yi furfura kafin nasa ya iso.

Saboda haka baiwar Allah, in ba ki da takamaiman lokacin haihuwarsa, ko a ƙa'idarsu babu amsa. Kuma yaran da aka haifa daga ƙarshen Nuwamban 2020 zuwa farkon Afrilun 2021 duk suna da su biyun a Jadyu. Ki kwantar da hankalinki, ki sa yaro a makaranta.

Mushtari da Rahu fa? An tsorata ni.

Guru Candala ke nan, sunan ya fi abin ban tsoro. Mushtari na shekara guda a buruji, Rahu shekara ɗaya da rabi, don haka duk sa'anninka na watannin nan suna da ita. Wanda ya tsorata ka, bai kuma tallata maka zoben da zai warware ta ba?

Kai ka yarda da abin?

Bayanin tsarinsu nake yi, tsohon tsari ne, tun masanin taurari Barahamihira na birnin Ujjain yana rubutu a kai a ƙarni na 6. Gaibu kuwa sai Allah. A 2008 masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokan aikinsa sun jarraba masu duba 27 a birnin Pune, aka ba su kundalin yara su ware masu hazaƙa daga masu larurar ƙwaƙwalwa. Ba su fi mai cacar kai-ko-wutsiya da kwabo dacewa ba.

Zan iya turo maka tawa ka duba?

A'a.