Saƙa a teburin gidan abinci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ni da wata ƙawata mun yi shekaru muna fita cin abinci tare, kuma ban taɓa zuwa babu jakar saƙata ba. Ita ba ta saƙa, ko kwarashi ba ta iya riƙewa ba. Tun daga lokacin tambayoyin da ake yi mini ba su canza ba, daga masu koyo, da 'yan uwa, har mutanen teburin da ke kusa da namu. Bakina ya gaji. Ga su nan a wuri guda.

Ana barin mutum ya yi saƙa a gidan abinci?

Ana bari. Ban taɓa ganin inda aka rubuta an hana ba. Abin da zai jawo miki harara shi ne ki gama ci tun ɗazu, mutane suna tsaye suna jiran tebur, ke kuwa kin baje zare kina ƙirga ido, wato madaukan zaren da ke kan allura. Wannan kuma rashin kara ne, kar ki ɗora wa saƙa.

Ba kya jin kunya ana kallonki?

Kunyar me? A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, duniya ta ga Tom Daley, ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya, zaune cikin 'yan kallo yana saƙa, bayan ya ci lambar zinare. Har jakar da ya ajiye lambar da hannunsa ya saƙa ta. Akwai ma ranar saƙa a bainar jama'a ta duniya, tun 2005 ake yin ta, Asabar ta biyu a watan Yuni. Masu kallon naki, rabinsu so suke su tambaye ki me kike saƙawa, sauran kuma jiran abincinsu suke yi, ba su da abin kallo sai ke.

Wace saƙa zan ɗauka?

Wadda ba ta bukatar kai. Hula, ko ƙafar safa, ko mayafin wuya mai ido iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Duk abin da sai kin buɗe takardar zane, ko sai kin ƙirga, ko yana da zare kala uku, ki bar shi a gida. Na taɓa ganin wata ta zo da bargo ya kai rabi. Bargo! Ya rufe mata cinya, ya sauka ƙasa, mai kawo abinci ya tsallake shi sau biyu, a na uku ya taka. Abin da ba zai shiga ƙaramar jaka a zuge zif ba, ba na fita ba ne.

Kuma ki bar baƙin zare. Gidajen abinci da yawa suna rage haske da gangan, ido zai zame daga allura ba ki gani ba sai gobe.

Allura ko kwarashi?

Wanda kika iya. In allura ce, ki ɗauki mai igiya, wato gajerun allurai biyu da aka haɗa da siririyar igiya. Mai tsawon santimita 40 ta isa hula. Dogayen miƙaƙƙun nan na santimita 35 zungurar na kusa da ke za su yi ta yi, kuma in ɗaya ta faɗi a kan tayil kowa sai ya waiwayo. Kwarashi yana da sauƙi guda: ido ɗaya ne kawai a raye, in abinci ya zo sai ki ja madaukin ya yi tsawo ki ajiye, babu abin da zai warware.

Ana ci ana saƙa?

A'a. Ba a tauna taura biyu. Faranti ya sauka, saƙa ta koma jaka, a zuge. Ba kan cinya ba, ba gefen tebur ba. Jaka.

Ƙawata ta ce in ina saƙa ba na sauraronta. Ya zan fahimtar da ita?

Kafin ki fahimtar da ita, ki tambayi kanki ko gaskiya ta faɗa. Mu masu saƙa muna son cewa hannu ne ke aiki, kunne yana nan. Haka ne in saƙar ta zauna a hannu, har kina iya yin layi guda idonki yana kan fuskar mai magana. Amma in leɓenki yana motsi kina cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, ita kuma tana ba ki labarin abin da ya hana ta barci, to ba kya ji, kuma ta gane. Ba zare ta fito gani ba.

Ni abin da nake yi: in muna jiran oda, ko an gama ci muna hirar banza, ina saƙa. In ta rage murya ta matso da kujera, sai in ajiye, ko a tsakiyar layi ne. Idon da ya ɓace ana ɗauko shi da kwarashi cikin minti biyu. In kuma kin yi duk wannan har yanzu ranta ba ya so, ki bar jakar a gida ranar da za ku fita. Ba za ki mutu ba.

Miya ta fallatsar mini a saƙa, tana kan allura ban gama ba. Me zan yi?

Da kin zuge jakar da ba mu zo nan ba. To, ya riga ya faru. Wannan ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, don ta danganta da abu uku: irin zaren, irin abin da ya zube, da inda ya zube.

A teburin dai abu ɗaya za ki yi. Ki kwashe na saman da bakin cokali, ki ɗora tishu ki danna a hankali, ki canza wani ki sake dannawa. Kar ki goga. Kar ki goga, na ce. Guga tana tura tabon cikin murɗin zaren, in kuma ulu ne tana tayar masa da gashi ta bar wurin ya yi fururu, wanda ko tabon ya fita shi ba zai koma ba. Kuma kar ki karɓi ruwan zafi ko da mai kawo abinci ya kawo da kyakkyawar niyya. Ruwan sanyi kaɗan a kan tishu ya isa har ki je gida.

A gida sai ki nemo takardar da ta zo naɗe da dunƙulen zaren. Shi ya sa nake ta faɗa kar a yar da ita. In ulu ne na gashin tumaki, ki yi hattara ƙwarai. Kowane silin gashin yana da ƙananan ɓawo kamar na jikin kifi, in zafi da danshi da cuɗa suka haɗu sai ɓawon su sarƙe da juna, saƙar ta cure ta tsuke, kuma ba ta komawa har abada. Don haka ruwan sanyi, ko mai ɗumin da hannu ba ya ma jin sa, da ɗigon sabulu mai laushi, a matsa da tafin hannu, ba murɗawa. Bilic kuwa ko kusa, narkar da ulu yake yi. Garin sabulun wankin da aka ce yana cinye tabo ma ki guje shi, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da furotin, ulu kuwa furotin ne. Akwai ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki, takardar za ta faɗa, amma ni ko shi da hannu nake wanke shi in yana kan allura.

In auduga ce, ta fi haƙuri, tana jure ruwan ɗumi da ɗan cuɗa. Matsalarta rini: mai duhu yakan zuba, musamman ja, don haka in saƙar tana da fari a kusa ki gwada da guntun zare a kofi tukuna. In zaren roba ne, wato akirilik, wanki ba ya damunsa, sai dai yana riƙe maiƙo kamar ya samu ɗan uwansa, kuma dutsen guga yana kashe shi, ya kwanta ya yi sheƙi ya daina komawa in an ja.

Sai abin da ya zube. In maiƙo ne, ki barbaɗa hodar jarirai ko garin sitaci ki bar shi ya kwana ya tsotse, ki kakkaɓe, sannan ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke a kan wurin kawai. In akwai madara ko ƙwai a ciki, ruwan sanyi tilas, don zafi dafa shi zai yi a jikin zaren. Shayi da kofi suna fita in an yi sauri, suna zama in an bar su sun bushe kwanaki. Miya kuwa sau da yawa duk ta haɗa su, ga mai ga launi, sai ki fara da man. Launin yana iya fita, yana iya barin inuwa. Ba zan yi miki alkawari ba.

Kafin ruwa ya taɓa komai, ki zare allurar ki mayar da idanun kan wani guntun zare mai santsi ki ɗaure bakinsa, musamman in allurar katako ce ko ta gora, don jiƙa tana kumbura su. Bayan wanki ki naɗe saƙar a tawul ki danna, ki shimfiɗa ta a kwance a inuwa. Kar ki rataye, nauyin ruwa zai ja ta. Za ki ga inda aka wanke ya ɗan bambanta da sabon da za ki ɗora a kai. Kar hankalinki ya tashi, yawanci in an gama aka wanke duka tare sai su daidaita.

Amma ga gaskiyar da ba a son ji. In tabon yana kusa da allura, layi biyar ko goma, ni ba na wahalar da kaina. Warwarewa nake yi har in wuce shi, in yanke zaren da ya ɓaci, in haɗa sabo a bakin layi. Aikin rabin awa ne, kuma babu inuwa. Sharaɗin shi ne kina da ragowar zare. In sai kin sayo ƙari, ki duba lambar rini da ke jikin takardar nan, don launi ɗaya daga tukunyar rini daban yakan bambanta, ba kya gani a shago, sai kin fita rana. In kuwa tabon yana can ƙasa, kin wanke bai fita ba, ki ɗinka aljihu ko fure a kai ki yi shiru. Babu wanda zai sani sai kin faɗa, kuma na san sai kin faɗa.

Wa zai biya kuɗin abincin?

Me ya haɗa ni da wannan? Ku yi magana kafin ku zauna.

Dunƙulen zare ya gangara ƙarƙashin teburin wasu. Ya ake yi?

A tashi, a yi sallama, a ba da haƙuri, a ɗauko. Kar ki zauna kina ja daga nesa, ƙara warwarewa yake yi yana zagaye ƙafafun kujeru. Nawa ya taɓa tafiya tebur uku. Wani dattijo ya taka shi da takalmi ya tsayar, ya ɗago, ya biyo zaren yana naɗewa har gabana, ya miƙo mini da hannu biyu kamar wanda ya tsinci jariri. Ƙawata ta yi dariya har ta ƙware. Tun ranar nake barin dunƙulen cikin jaka, in zuge zif in bar 'yar kafa da zaren zai fito, kuma ina jawo shi daga tsakiyar dunƙulen don kar ya yi birgima.

Me ya sa wurin da na saƙa a waje ya fi na gida tsauri?

Don hannu yana bin zuciya. In ana ba ki labarin da ya ba ki haushi za ki matse zare, in kuna dariya za ki saki. Kowa haka yake, har waɗanda suka shekara talatin suna yi. A hula ko mayafi ba a gani bayan wanki. Shi ya sa ban ce ki ɗauko hannun suwaita ba, kar ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Namiji zai iya?

Hannu biyu gare shi? A Turai ta da, ƙungiyoyin masu sana'ar saƙa na maza ne, kuma injin saƙa safa na farko wani Bature ne, William Lee, ya ƙera shi a Ingila a 1589. Malam, ɗauki allura ka daina tambaya.

Tunda kina zaune kina yi, ki saƙa mini suwaita mana.

Wannan kullum daga teburin kusa take fitowa. Bari in yi miki lissafi. Safar babba da siririn zare, allura mai kaurin milimita 2.5, takan ɗauki ido 64 a zagaye ɗaya, kuma sai an yi zagaye wajen 40 kafin a samu santimita 10. Ido 2,560 ke nan, ko dunduniya ba a kai ba, kuma ƙafa biyu gare ki. Yanzu ki auna suwaita. Zan koya miki in kina so, ki zo da zarenki.

Ita ƙawar taki, har yanzu ba ta koya ba?

Ba ta koya ba, kuma na daina yi mata tayi. Sau ɗaya ta gwada, ta yi ido shida, ta ce yatsunta sun ƙage, ta miƙo mini ta ja farantinta. Amma ta san abubuwa. In ta hango mai kawo abinci ya doso mu sai ta ce, "Saura ido nawa?" In na ce takwas, sai ta janye kofuna, ta tsaya yi masa tambaya a kan abin sha har in kai ƙarshen layi.