Mene ne "yaƙin kuɗi", kuma me ya sa Brazil ta yi kukan ƙarfin kuɗinta?

Wanda ya saba jin dala ta tashi da safe, kafin la'asar mudun shinkafa ya bi bayanta, zai yi mamaki in aka ce masa an taɓa yin ministan kuɗin da ya fito yana kokawa don kuɗin ƙasarsa ya cika daraja. To an yi a Brazil, kuma daga bakinsa ne kalmar "yaƙin kuɗi" ta bazu a duniya har ta zauna.

Ma'anarta a taƙaice ita ce ƙasashe su shiga rige-rigen karya darajar kuɗaɗensu da gangan, kowace na son kayanta su yi araha a kasuwar waje, na wasu kuma su yi tsada a kasuwarta. Yaƙi ne da ba bindiga a cikinsa. Makamansa su ne rage kuɗin ruwa, buga kuɗi a zuba cikin tattalin arziki, da babban banki ya riƙa sayen dala yana tarawa don kada kuɗin gida ya ɗaga. Abin ba sabo ba ne, an yi irinsa bayan Ingila ta raba fam da zinariya a 1931, wasu ƙasashe suka bi sahu. Sunan ne dai ya samu sabon uba.

Uban shi ne Guido Mantega. An haife shi a Genoa ta Italiya a 1949, ya tashi a Brazil, ya karanci tattalin arziki, ya koyar da shi a São Paulo, ya kuma daɗe yana ba Lula, wanda daga baya ya zama shugaban Brazil, shawara tun Lula na ɗan hamayya. Da suka kafa gwamnati a 2003 sai ya zama ministan tsare-tsare, daga nan ya shugabanci bankin raya ƙasa na BNDES, a watan Maris na 2006 kuma ya karɓi ma'aikatar kuɗi bayan saukar Antonio Palocci. Bai bar kujerar ba sai farkon 2015, wato ya yi wa Lula aiki, ya yi wa magajiyarsa Dilma Rousseff. Ranar 27 ga Satumban 2010, a gaban masu masana'antu a São Paulo, ya ce duniya na tsakiyar yaƙin kuɗi. Sauran ministoci sun san da maganar, shi ne kawai ya fasa ƙwan.

Ga abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Bayan rikicin bankuna na 2008, Amurka ta sauke kuɗin ruwanta zuwa kusan sifili, alhali na Brazil ya haura kashi 10 cikin ɗari. Ɗan kasuwa ba ya bukatar malami a nan: ya ranci dala a ɓagas, ya canza ta zuwa real, wato kuɗin Brazil, ya ba gwamnatin Brazil rance, ya kwashi riba yana kwance. Da masu neman real suka yi yawa sai ya yi tsada. A farkon 2009 dala ɗaya na kusan real 2.30, zuwa Yulin 2011 ta dawo wajen 1.55.

Mu ɗauki mai masana'antar takalma a garin Franca na Brazil, wanda ya yi suna a wannan sana'a. A ce ƙafa biyu na cin masa real 46. A canjin farko dala 20 ke nan ga mai saye a Amurka. A canji na biyu, fatar nan ce, ɗinkin nan ne, albashin ma'aikata bai motsa ba, amma takalmin ya koma kusan dala 30. Mai saye sai ya juya wajen na Sin. Abin takaicin ma, takalmin Sin ɗin ya biyo shi har gida, yana araha a kantin da ke bayan masana'antarsa. Ɗan Brazil mai zuwa yawon buɗe ido Miami ta Amurka yana murna, mai ɗinki yana shirin zaman gida.

Mantega bai tsaya ga baki ba. Akwai harajin hada-hadar kuɗi da ake kira IOF, wanda ya ɗora wa jarin waje a kashi 2 cikin ɗari a Oktoban 2009. A Oktoban 2010 ya ɗaga shi zuwa 4, cikin makonni biyu ya mai da shi 6 a kan masu sayen takardun bashi. Duk da haka a Nuwamba babban bankin Amurka ya sanar da zuba wasu dala biliyan 600. Amurka ta ce ita farfaɗo da gidanta take yi, ta nuna Sin da yatsa kan danne darajar kuɗinta, wato yuan. Haka yaƙin yake, ba mai amsa cewa shi ya fara.

A ganina Mantega yana da gaskiya, amma ba duka ba. Rabin ruwan da ya cinye shi daga cikin gida ya ɓullo, domin tsadar kuɗin ruwan Brazil ce ta kira baƙin, ga kuma kasuwar waken soya da tama da ke ta kawo dala daga Sin.

A lura, ba kowace faduwar kuɗi ce yaƙi ba. Rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ko sakin naira a Yunin 2023, matsi ne da ƙarancin kuɗin waje, ba dabarar ƙwace kasuwa ba. Ana kiran abu yaƙin kuɗi ne in ƙasa na da abin sayarwa kuma ta rage ƙarfin kuɗinta don ta sha gaban abokan gasa, kamar zargin da Amurka ta yi wa Sin a hukumance a Agustan 2019, da dala ta haura yuan 7.

Ita kuwa Brazil, ba a jima ba reshe ya juye da mujiya. A 2013 Amurka ta fara maganar rage zuba kuɗi, baƙin jari suka kama hanyar gida, Mantega da kansa ya soke harajin nan a watan Yuni don ya lallashe su. Zuwa Satumban 2015, watanni tara da barinsa ofis, dala ɗaya ta haura real 4.