Me ake nufi da "villa" a harkar hayar gidan hutu? Misali daga gaɓar Amalfi

Bahaushen Najeriya in ya ji an ce "Villa", Abuja yake tunawa, fadar shugaban ƙasa da ke gindin dutsen Aso. A bakin dillalan gidajen hutu na ƙasashen Bahar Rum kuwa, kalmar ba ta kai wannan nauyin ba. Villa, ko bila yadda bakinmu ya fi sabawa, gida ne mai zaman kansa da farfajiya ko lambu, wanda ake bai wa iyali ɗaya ko ayari ɗaya hayarsa gaba ɗaya na 'yan kwanaki. Ba teburin karɓar baƙi, ba maƙwabcin ɗaki, ba mai kawo karin kumallo sai in an yi jinga daban. Mabuɗi ake miƙa maka, daga nan girki da kulle ƙofa da fitar da shara su dawo wuyanka.

Asalin kalmar daga Latin ne. Da ita Romawa suke kiran gidan gona ko gidan shan iska da mai hali yake ginawa a bayan gari. A garin Minori da ke gaɓar Amalfi, kudancin Italiya, har yau akwai kufan irin wannan gida na ƙarni na 1 miladiyya, a Ravello kuma akwai Villa Rufolo ta ƙarni na 13. Sai dai yanzu kalmar ta yi arha. Otal yana da taurari da hukuma take ba shi, villa ba ta da su. Gaskiya ne rajistar gidaje ta Italiya tana da rukunin A/8 na manyan villa da A/7 na ƙanana, amma wannan lissafin haraji ne, bai ɗaure mai talla ba. Shi ya sa za ka ga hawa ɗaya na gidan da aka raba uku ana tallarsa da sunan villa. Tambayar farko ke nan da za a yi wa dillali: gidan duka ne, ko akwai wani a sama ko a ƙasa? Wurin ninƙayar na masu haya ne kaɗai, ko na haɗaka? Ga iyalin da suke son sutura, a ƙara da tambayar ko barandar maƙwabta tana hango shi, domin a can gida kan gida ake ginawa.

Yanayin ƙasar ne ya kawo haka. Gaɓar Amalfi, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, tsauni ne da ya gangaro tsaye ya faɗa cikin teku. Positano da Praiano da Amalfi duk a jikin dutse suke maƙale, Ravello kuma tana kimanin mita 350 sama da ruwa. Gidaje da yawa mota ba ta isa ƙofarsu. Za a sauke ka a bakin titi, ka hau ko ka gangara matakala, wani lokacin tamanin, wani lokacin fiye da ɗari biyu. Hoto ba ya nuna wannan. Dillalin kirki yakan rubuta adadin matakalar a cikin bayanin gida, wanda bai rubuta ba a tambaye shi a rubuce. Mai tafiya da tsohuwa, ko mai ciwon gwiwa, ko keken jariri, wannan lambar ta fi masa yawan ɗakuna muhimmanci. 'Yan dako suna nan, amma kowace jaka da kuɗinta, kuma cefanen mako da katan ɗin ruwa ta wannan matakalar za su bi.

Haka ma a rarrabe tsakanin gidan da yake kallon teku da wanda yake da hanyar sauka teku. Gidaje da yawa a can suna kallon teku. Masu hanyar sauka kaɗan ne, sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa abin da za ka tarar a ƙasan ba yashi ba ne, dandamalin dutse ne da tsanin ƙarfe. Bakin ruwan yankin ma yawanci tsakuwa ce.

Babbar hanyar gaɓar ɗaya ce, SS163, siririya mai yawan kwana. Tun 2022 ake taƙaita motoci a lokacin cunkoso, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma: motar da lambarta ta ƙare da mara (1, 3, 5...) ba ta bi ranar da kwanan wata ya faɗa mara, mai cika (2, 4, 6...) ma haka. Ana sabunta jadawalin kowace shekara. Idan gidan ba shi da wurin ajiye mota, hayar mota asara ce. Jiragen ruwa da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan daga wajen Afrilu zuwa Oktoba sun fi sauƙi.

Batun kuɗi shi ne inda aka fi samun saɓani, saboda kuɗi iri uku ne mutane suke ɗauka ɗaya. Na farko kafin alƙalami, yawanci kusan kashi 30 cikin ɗari, ragowar a cika wata ɗaya ko biyu kafin zuwa. A duba sunan da aka ba shi a takarda. Idan an rubuta caparra confirmatoria, sashe na 1385 na dokar mu'amala ta Italiya ne yake aiki: kai ka saɓa, kuɗin ya tafi, mai gida ya saɓa, kana iya neman ninki biyu. Idan acconto aka rubuta, somin biya ne kawai, babu zancen ninki. Wanda ya kama gida ta manhajar haya irin Airbnb ko Booking.com kuwa, ƙa'idar fasawa da ke jikin tallar ce za ta hukunta shi.

Na biyu kuɗin jingina na ɓarna, daga 'yan ɗaruruwan yuro zuwa dubbai gwargwadon gidan, ana riƙe shi a kati ko a karɓa hannu, a mayar bayan an duba gida. Ranar shiga a ɗauki hoton duk abin da aka tarar a fashe ko a tsage, da lambar mitar wuta, a tura wa mai gida nan take. Na uku tarkacen da ba sa cikin farashin talla: kuɗin sharar ƙarshe, kuɗin na'urar sanyaya ɗaki in da mita ake lissafinta, ɗumama ruwan ninƙaya, da harajin kwana da ƙaramar hukuma take karɓa a kan kowane mutum kowane dare, wanda kowane gari yake yanka nasa. A Yuli da Agusta gidaje da yawa ba sa bayar da ƙasa da mako guda, Asabar zuwa Asabar, kuma makon 15 ga Agusta, hutun Ferragosto, shi ne ƙololuwar tsada.

'Yan damfara sukan kwafi hotunan gidan gaske su buɗe talla da farashi mai daɗi, sannan su nemi a tura musu kuɗi kai tsaye, ba ta cikin manhajar ba. Tun daga 1 ga Janairun 2025 wajibi ne kowane gidan gajeriyar haya a Italiya ya sami lambar rajista ta ƙasa da ake kira CIN, ya sa ta a talla da kuma jikin ginin. Tallar da ba ta da ita, a wuce ta. Kada kuma a tsorata in mai gida ya nemi fasfon kowa da kowa, har yara: doka ta ɗora masa kai sunayen baƙi ga 'yan sanda cikin awa 24.

A cikin gida, wuta ce ta fi ba baƙi mamaki. Gidan Italiya na yau da kullum kilowat 3 ake ba shi, manyan villa sukan nemi ƙari, amma ba duka ba. A kunna tanda da injin wanki da na'urar sanyi lokaci guda, sai mita ta yanke. Ba ɗauke wuta aka yi ba: a kashe abu ɗaya, a ɗaga makunnin, shi ke nan, don haka a nemi a nuna inda mitar take tun ranar farko, wani lokacin a waje take bakin titi. Fulogin nan mai ƙafa uku masu faɗi da ake amfani da shi a Najeriya ba ya shiga soket ɗinsu, sai da mahaɗi. Shara kuma rarrabe ta ake yi, ragowar abinci daban, roba daban, kwalba daban, takarda daban, kowacce da ranar fitarta, kuskure yana jawo tara. Abu ɗaya da zai yi wa musulmi daɗi: tun 1975 ƙa'idar gini ta Italiya ta wajabta kwanon tsarki, wato bidet, a banɗaki aƙalla ɗaya na kowane gida.

Mai neman bizar Shengen, wadda ake shiga Italiya da ita, daga Najeriya ko Nijar zai buƙaci shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. A nan villa takan kawo tangarɗa, domin takardar kama gida sunan mutum ɗaya take ɗauka alhali mutum takwas ne za su kwana. A nemi mai gida ya rubuta sunan kowa a takardar tun kafin a kai ta ofishin biza, sannan a daidaita ranar cika ragowar kuɗi da lokacin da ake sa ran bizar za ta fito, don kada wa'adin fasawa ya wuce fasfo yana hannun ofishin jakadanci.